Albarkar da Na Karɓa a Rigar Labo

Talata, da hantsi. Kwana tara da rasuwar Baba.

Masu gaisuwa sun ragu. Yau mutum uku kawai, ɗayansu ma ruwa ya zo sha. Na samu sarari na buɗe kayen nan, littafin rubutun da abokina Rabo ya ba ni bara, ranar da ya ce in daina ɓata bangon zaure da gawayi. Shafin farko na riga na cika shi tun ranar da abin ya faru, na naɗe shi biyu, na ɗinke bakinshi da zaren Gogo. Ba zan buɗe ba. Daga shafi na biyu nake farawa, kamar mutumin kirki.

Ni ne Cindo ɗan Nomau makaho. Ban shiga lakol ba, makarantar boko ke nan. Baƙaƙen boko a jikin buhunan gyaɗa na fara tsintarsu, sauran na ƙwace da tsiya a wurin Rabo, tun yana ɗan lakol yana zuwa hutu. Wanda ya ce rubutuna karkatacce ne ya zo ya nuna mani nashi.

Laraba, da azahar

Zafi kamar an kife gari da kasko. Shamuwa biyu sun sauka kan tsamiyar masallaci, mutane suna ta nuna su, wai ruwa ya kusa. Gabas fari fat.

Gogo ta ajiye mani fura ba ta dube ni ba. Kwana goma ke nan ba mu haɗa ido ba, ni da ƙanwar ubana da ta goya ni bayan Inna ta rasu. Rigar wana Labo ta mayar da ita cikin adudu, na ji ƙarar murfin.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ko na samu in ci abinci.

Shekara bakwai ke nan da aka zo neman soja. Mai gari ya ce gidanmu zai ba da ɗa ɗaya. Mu biyu ne, wana Labo da ni, kuma ni a lokacin na yi tsawon da in an nuna ni za su ɗauka. Baba ya ba da Labo. Labo ya hau mota bai waiwayo ba. Da shekarunshi uku suka cika bai dawo ba, ya sake sa hannu. Ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba. Idon Baba ya bi shi a hankali, na dama tukuna, sannan na hagu.

Lahadin can da la'asar numfashin Baba ya canza. Ba ya karɓar ruwa, ba ya kiran kowa sai Labo. Malam Amadu, limaminmu, ya fita ya ja salla. Gogo ta ja ni bayan rumbu, ta fito da tsohuwar rigar Labo daga ƙarƙashin zanenta.

"Sa," in ji ta. "Muryarku ɗaya ce. Kada ka yi dogon zance, kai da bakinka ba ya tsayawa. Ka bar ɗan'uwana ya tafi da sanyin rai."

Na sa. Na shiga.

Ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Labo?"

Na ce, "Na'am."

Ya shinshina rigar. Na miƙa mashi hannun dama, ya sake shi, ya lalubo na hagu ya riƙe yana murzawa. Ya yi magana mai tsawo. Ya roƙi gafara, na ce na yafe. Ya ɗora tafinshi a kaina ya sa albarka, irin wadda ban taɓa jin ya sa wa kowa ba. Da Malam ya dawo Baba ya ce mashi, "Labo ya zo, mun gama." Malam ya ɗauka gigin ajali ne. Kafin almuru ya cika.

Na yafe abin da ba ni aka yi wa ba, na karɓi abin da ba nawa ba. Na rubuta. Abincin dai bai ciwu ba.

Asabar, da safe

Kaina yana da nauyi daidai inda tafin ya sauka.

Ran kasuwar Gangara, da la'asar

Na je wurin Kadi. Tsohuwa ce mai sayar da taba gari a gindin kurna, sa'ar kakata, shi ya sa take ce mani angonta. Wani falke daga wajen Jibiya ya bar mata wani littafi mai kauri, ba bango, na ƴan mishan, an buga shi da Hausa. Ita ba ruwanta, takardar ƙunshe taba ta samu. Tun rani muka shirya da ita: in ɗauko mata kwando daga bakin hanya, ita kuma ta bar ni in karanta kafin ta yage.

Ta yi mani gaisuwar rasuwa yadda ya kamata, har da hawaye. Sannan ta share ta ce, "Na ce ko angon nawa ya sake ni ne ban ji ba."

"Wa zai saki mace mai haƙori biyu? Ina littafin?"

"Ka ji ɗan banza mai yatsa shida. Ba ni kake so ba, takarda kake so."

"Biyar da kututture," na ce. Na shidan Baba ya ɗaure shi da gashin doki tun ina jinjiri, ya bushe ya faɗi, ya bar mani ɗan tudu a gefen hannun hagu.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Kasuwa uku kafin Baba ya rasu, a nan gindin kurnar na karanta labarin wani tsoho makaho mai ɗiya biyu maza. Uwar ta sa wa ƙanen rigar wan, ta tura shi ya karɓe albarkar. Haushi ya kama ni har na miƙe na ce, "Ɓarawo!" Rabin kasuwa suka juyo, mai nama har da ɗaga wuƙa. Kadi ta yi dariya har ta shaƙi tabarta.

Da Gogo ta miƙo mani rigar nan, wallahi na tuna. Na tuna, kuma na sa.

Suna da sunaye a takardar, sunayen da muka saba ji a bakin malamai. Ba zan rubuta su nan ba. Ni in ina karantawa Labo nake gani, da gashin ƙirjinshi da warin dajinshi.

Yau na ci gaba, a hankali, da yatsa, don karatuna kamar jan ruwa ne a rijiya mai gaba talatin. Ƙanen ya gudu don wan ya ce zai kashe shi. Ya kwanta a daji ya ta da kai da dutse. Na gyara zama ina jiran a hukunta shi. Sai aka ba shi mafarki: tsani daga ƙasa har sama, ana hawa ana sauka. Ɓarawo fa! Mafarki aka ba shi. Na rufe na dawo gida ban sayi ko gishirin da Gogo ta aike ni ba.

Laraba, da hantsi

Rabo ya zo daga Gazawa bisa keke. Komi ne yanzu, magatakarda a buro, ofishin gwamnati, har da tabarau. Ya kawo waya: an sallami Labo, jirginsu ya iso Kotonu, zai biyo ta Maraɗi, kafin sadakar arba'in yana gida. Gogo ta yi guɗa, guɗar ta karye a tsakiya.

Muka zauna zaure. Rabo ba ya da zance sai mulkin kai, wai saura wata biyu, wai an ɗinka tuta. Ya ga shafin mafarkin da na roƙo wurin Kadi yana leƙowa daga aljihuna, ya zare ya duba ya yi tsaki.

"Mushenmu, malaminmu na lakol, ya yi mana bayanin wanga. Ba wanda ya taɓa tono ko ƙashin raƙuminsu. Tatsuniyar makiyaya ce, aka rubuta bayan shekaru ɗaruruwa. Ƙasa za ta samu ƴanci, kai kana karatun ƙunshin taba."

"Na tambaye ka ko an yi?"

"To mi kake nema ciki?"

"Kai da kake karanta sunan mutum dubu a rajista kullum, ka taɓa ganin kanka a ciki?"

"Sunana na nan mana."

"Ban ce sunanka ba, jaki mai tabarau."

Ya yi dariya, ya saba. Ban ce mashi ni na ga kaina ba, har rigar da na sa.

Alhamis, da la'asar

Ba ruwa. Labo yana bisa hanya.

Juma'a, da la'asar

Na tsaya bayan kowa ya watse, na ba Malam Amadu labarin tsohon makahon, na ce a takarda na gani. Bai yi faɗa ba. Ya ce sunayen na bayin Allah ne, amma littafin ya bi hannaye da yawa kafin ya iso kwandon Kadi.

"Bawan Allah irin wannan ba ya yaudarar mahaifinshi. Ba haka aka yi ba, Cindo."

"Allah gafarta Malam, in ba a yi a can ba, ana iya yi a wani wuri?"

Ya ce, "Kana salla?"

"Ina yi."

"To ci gaba. In kuma akwai abin da kake ɗauke da shi, ba ni za ka sauke wa ba. Mai kayan za ka kai wa."

Rabo ya ce ba a yi ba. Malam ya ce ba haka aka yi ba. Duka biyun sun fi ni karatu, ban musa masu ba. Sai dai ba wanda ya gaya mani yadda aka yi mai rubutun ya san tsohon zai shinshina rigar.

Lahadi, rana tsaka

Na bar gona na gangara gulbi. Ba ruwa ciki sai rairayi, fari, mai zafi a sama, mai sanyi in ka tona. Na kwanta a inuwar gawo. Ƙasarmu ba ta da duwatsu, sai na ta da kai da ɓarin dutsen niƙa da wata ta yar. Na ce bari in gani ko ɓarawon garinmu ma ana ba shi mafarki.

Gawon ya fara zubar da ganye, yana faɗo mani a fuska ɗaya ɗaya. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Tsanin rumbunmu na gani, wanda Baba ya sassaƙa da reshen kirya, mai tsaga bakwai. Ya yi tsawo har ya shige cikin farin sama. Mutane suna hawa da damman gero a kai, suna saukowa hannu wofi, ba mai magana, ƙafafunsu ba su ƙara. Na ga Inna cikinsu. Na ga Baba yana hawa ba sanda, ba ja-gora, yana duba inda zai taka kamar mai ido. Na kira shi, sai na rasa da wace murya zan kira, tawa ko ta Labo. Kafin in zaɓa ya shige.

Na farka wuyana ya ƙage. Ba wanda ya ce mani komai. Amma na daɗe a zaune ina jin ƙanshin sabon gero a gulbin da ko ciyawa babu.

Ran kasuwar Gangara, da almuru

Ɗinkin littafin ya kwance. Shafuka sun warwatse cikin kwandon Kadi, tana ɗaukar wanda hannunta ya faɗa a kai. Na zauna ina jera su da lamba ina zaginta, tana rama mani.

Ƙanen ya yi shekara ashirin a baƙon wuri, ya kamo hanyar gida. Aka ce mashi wanka na tafe da mutum ɗari huɗu. Tsoro ya kama shi. Ya tura awaki da raƙuma da shanu gaba, garke bayan garke, ko zuciyar wan ta yi sanyi kafin su haɗu. Ya ƙetar da iyalinshi rafi, ya saura shi kaɗai. Sai wani ya kama shi da kokawa. Ba a faɗi daga ina ya fito ba. Suka yi ta yi har gari ya waye, ba wanda ya ka da wani, sai mutumin ya taɓa mashi kwatangwalo ya goce. Duk da haka bai saki ba. Ya ce sai an sa mashi albarka.

Nan na tsaya. Wanda ya riga ya saci albarka, mi zai yi da wata? Sai na gane. Ta farkon da sunan wani ya karɓa. Wannan karon sai da aka tambaye shi sunanshi, ya faɗi nashi na gaskiya.

Rana ta fito, yana ɗingishi, ya tashi zai tari wan. Shafi ya ƙare. Na bayanshi babu.

Na zazzage kwandon. Na kwance ƙunshi goma sha ɗaya da ta riga ta ɗaura, taba ta shiga mani ido.

"Ina shafin nan, Kadi?"

"Wane? Duk kamarsu ɗaya, kamar kashin ƙuda."

"Wa kika sayar wa tun safe?"

"Wani Bafillace dogo mai jajayen shanu. Sun yi arewa, bin ruwa. Bi shi mana, in ƙafarka ta fi tashi."

Na faɗa mata maganar da ba a faɗa wa tsohuwa. Ba ta rama ba. Ta dube ni ta ce, "Angona, wanga ba haushin takarda ba ne." Ta ce, "Ni in kakata ta manta ƙarshen tatsuniya, ni nake sa mata. Ba ka da alƙalami?"

Na ba ta haƙuri. Na yi ta laluben gaba har kasuwa ta tashi. Can nesa, a layi ɗaya tak, na iske su su biyu suna binne ubansu. To ba wanda ya kashe wani. Amma abin da suka ce wa juna ran da suka haɗu yana cikin aljihun Bafillace.

Su sun binne nasu tare.

Laraba, da safe

Ina ta tunanin shafin. Yana tafe arewa a hankali, da takun shanu, yana warin taba. In tabar ta ƙare za a yar da shi gefen wani tafki, akuya ta cinye. Akuyar nan za ta san abin da ban sani ba.

Alhamis, da hantsi

Na ce wa Gogo zan kora awakinmu biyu zuwa Gazawa su tari Labo a hanya. Ta ajiye taɓarya.

"Ka haukace? Su ce mashi mi?"

"In haɗa da kazarki, garke bayan garke."

"Takardun nan za su ƙarasa ka." Sai ta rage murya. "Cindo, ka saurare ni. Ba wanda ya sani sai ni da kai. Ya zo, a ce ubanshi ya rasu yana sa mashi albarka, shi ke nan. Ƙarya muka yi? In ka buɗe bakin nan naka zai ɗauki akwatinshi ya koma, kuma wannan karon ba mu ƙara ganinshi. Na rasa wana, kada ka sa in rasa ɗa."

"Ke kika sa mani rigar."

"Ni na sa. Kuma da yau ne sai in sake sa maka. Ka ga fuskarshi da ya cika ko ba ka gani ba?"

Na gani. Shi ne abin haushin.

Asabar, da azahar

Ba ruwa. Shamuwa sun zama tara.

Litinin, da la'asar

Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwashe shi ta kai wa mutanen Agye. Maƙwabta sun fara zancen binne, a shuka a busasshiyar ƙasa a jira. Sungumin Baba na rataye a zaure. Mai riƙe shi shi ke gaba yana sara, saura na bin shi da iri, kuma babban gida ke riƙewa. Tun da idon Baba ya tafi ni ke riƙewa, da sunan aro. Bana na kasa taɓa shi.

In na yi shiru Labo ya zauna, ni kuma in yi ta yawo da kayanshi a kaina har in mutu. In na faɗa ya tafi.

Talata, da safe

Ya faɗi sunanshi na gaskiya. Nan nake komawa kullum.

Alhamis, da almuru. Kwana talatin da biyu.

Ya iso.

Motar ba ta iya rairayin gulbi, a ƙetare take sauke mutane. Tun hantsi nake gindin gawon nan. Da la'asar ta tsaya, ƙura ta lafa, na ƙirga masu sauka. Ba ɗari huɗu ba ne. Mutum ɗaya ne da akwatin ƙarfe, ya rame, ya yi furfura a gefen kai. Ya shigo rairayin yana jan ƙafar hagu.

Duk kwanakin nan na ɗauka ni ne mai kokawar. Ashe shi ma an kama shi a bakin wani rafi da ban san sunanshi ba.

Na durƙusa. Ya tsaya kaina.

"Cindo? Wa ya ja ka ka yi tsawo haka?"

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Rabo ya gaya mani a Gazawa." Ya dubi garin. "Na makara."

Na ɗauki akwatin. Muryarmu ba ɗaya ba ce yanzu, tashi ta dushe.

Juma'a, da la'asar

Zaure ya cika. Wani tsoho mai yawan baki ya ce wa Labo, "Ai ranar da zai cika cewa ya yi ka zo, kun gama." Aka yi ta Allahu akbar. Labo ya juyo ya dube ni. Gogo na bayan zana, ina jin numfashinta.

Asabar, da la'asar

Yau rubutun zai ƙara karkacewa.

Da hantsi na iske shi ɗakin Baba, zaune kan tabarmar. Na shiga da kayen nan da wuƙa. Na ce, "Yaya, ni ne Cindo." Ya ce, "Na ce ba kai ba ne?" Sai na faɗa mashi duka, rigar, da na'am ɗin, da tafin. Ban sa sunan Gogo ba, ita ta sa kanta daga bakin ƙofa, ta ce, "Ni na ba shi rigar," ta fashe da kuka ta tafi.

Bai tashi ba. Ya ce, "Da ya roƙa, mi ka ce?"

"Na ce na yafe."

"Wa ya aike ka?" Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mani. "Shekara bakwai ina tara maganar da zan gaya mashi. Cikin jirgi ina jera ta. A gidan likita, da suna tono ƙarfe a ƙafar nan, ita nake maimaitawa don kada in yi ihu. Kai ka shigo da rigata ka zubar da ita da kalma biyu."

Ya miƙa hannu ya jawo akwatinshi kusa da shi. Na sa wuƙa na yanke zaren.

"Na rubuta abin da ya ce tun ranar, kafin in manta. Naka ne. Ka karɓa, sannan in tafiya ce ka tafi da shi."

Na karanta mashi:

"Labo, ranar da aka zo neman soja na dube ku ku biyu. Na san in na ba da ƙaramin bakinshi zai sa a harbe shi kafin wata uku. Kai kana iya shiru. Don iya shirunka na ba da kai, ba don ka fi arha a wurina ba. Da sanda na nuna ka, hannu ya ƙi ɗaguwa. Ban raka ka mota ba, ina bayan rumbu. Kullum in an zuba tuwo sai in ce a rage na mutum ɗaya, Gogonku ta sani. Ka yafe mani. Allah ya sa ka tsufa a gonarka. Allah ya sa rumbunka ya ga wata kaka da sauran tsohon gero. Allah ya ba ka masu bin bayanka da iri. Ka riƙe ƙanenka, faɗanshi duk tsoro ne."

Ya ce, "Sake."

Na sake. A ta biyun na ɗora tafina a kanshi wurin albarkar, ban san na yi ba sai da na ji furfurar. Ƙane ba ya taɓa kan wa. Bai ture ba.

Kaza ta shigo ta fita. Sai ya ce, "Wane hannu ya riƙe?"

"Na miƙa na dama, ya saki, ya kama wanga."

Ya kamo hannuna na hagu ya juya shi, ya sa babban yatsa kan kututturen ya murza, daidai yadda Baba ya yi.

"Wa ya ɗaure maka wannan?"

"Baba."

"Ni na tsinko gashin a wutsiyar dokin mai gari, har ya harbe ni. Baba makaho ne, Cindo, ba wawa ba ne. Ya san wanda ya shigo. Ya san gidan nan mutum ɗaya ke rubutu." Ya sake ni. "Ba sata ka yi ba, ɗan aike aka yi da kai. Har ya samu ya gaya maka taka maganar a ciki."

"Yaya, ka tabbata?"

"Ina zan tabbata? Ina can? Haka na ɗauka."

Na ce, "Yafewar fa?"

"Bar ta inda ka ajiye ta. In na iso wurinta zan gaya maka."

Akwatin yana nan inda ya jawo shi. Bai buɗe ba, bai ɗauka ba.

Lahadi, da azahar

Ba wanda zai tambayi Baba. Wataƙila ya sani. Wataƙila hannu kawai ya lalubo, kamar yadda mai mutuwa ke yi, Labo kuma ya ga ƙanenshi zai karye ya miƙa mashi abin dafawa. Na juya ta tun safe, ba ta da shaida ko ɗaya. Na karɓa. Nauyin kaina ya sauka, wannan kam ni ne shaidarshi.

Da sassafe na ji ƙarar ƙarfe a zaure. Labo ne ya sauko da sungumin yana gwada ƙotar.

"Ina irin?"

"Ba a yi ruwa ba, Yaya."

"Na ga an yi? Binne za mu yi. Ɗauko ƙwarya."

Gogo ta fito da irin idonta a kumbure, ta miƙa mani, ta dube ni cikin ido. Muka fita gonar gabas. Yana gaba yana sara yana jan ƙafa, layinshi ya karkace kamar rubutuna. Ina baya ina zuba ƙwaya ina rufewa da diddige. Ƙasar busasshiya, ƙura na tashi daga kowane rami. Sama fari fat.

A ƙarshen layi na shida ya tsaya ya jingina da sungumin.

"Gogo ta ce wata takarda ta hana ka barci. Ta wa da ƙane. Yaya suka ƙare?"

"Shafin ya tafi arewa da wani Bafillace."

"To," in ji shi. Ya tofa yawu a tafi, ya juya, ya kama layi na bakwai. Na bi shi.